Wanka Ɗaya, Kalma Ɗaya

Ranar da aka sallamo Mai Agogo daga asibiti, ba a gama shimfiɗa shi a gado ba babban ɗansa ya kawo masa waya dab da hanci.

"Baba, buɗe ido. Kalli nan. Kallo kawai za ka yi, ba wani aiki ba ne."

Tsohon ya kalla. Wayar ma ta kalle shi, ta ɗan girgiza, ta nuna ba ta san shi ba. Ba laifinta ba ne. Shanyewar ɓarin jiki ta karkata masa baki, ta sauke masa fatar ido ɗaya, ta ɗauke hannun dama da ƙafar dama, ta haɗa da magana ta yi gaba. Shekara arba'in da biyar yana gyaran agogo a bakin kasuwa, tun daga nesa ake gane shi, yau ga wayar da ya saya da kuɗinsa tana yi masa kallon baƙo. Abin ya ba shi dariya, sai dai dariyar ba ta sami hanya ba, ta gangaro ta gefen baki ta jiƙa matashi.

Kunnensa kuwa garau yake, haka ma kansa, kuma wannan ne 'ya'yansa suka ƙi yarda da shi. A kansa suke tsayawa su yi shawara kamar kujera ce a ɗakin. Su uku ne. Akwai babban ɗan, wanda ake kira Manaja, ko da yake ba a taɓa ba shi riƙon wani abu ya kai wata uku ba. Akwai ƙanwarsa Malama, mai koyarwa a firamare, sai mijinta Injiniya, mai gyaran waya a wani ɗan shago ƙarƙashin bene. Abin da ya tara su ba ɓoyayye ba ne. Shekara biyar baya tsohon ya sayar da shagonsa ya zuba kuɗin a kirifto, kuɗin nan na intanet da hannu ba ya taɓa su. Sau ɗaya ya taɓa faɗa, ana cin abinci, cikin alfahari, wai dukiyarsa tana inda gara ba ta ci. Sau ɗayan nan ya ishe su.

Nas ɗin da ta rako su daga asibiti ta yi musu bayani tana tsaye da jakarta a kafaɗa.

"Ku ji ni da kyau. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a yi masa wanka kullum, a tsane masa baya sosai. In kuka bar shi kwance wuri ɗaya, bayansa zai yi gyambo, kuma gyambon kwanciya yana kisa. Ga auduga, ga filasta, ga magani."

"Kada ki damu," in ji Manaja, hannu a ƙirji. "Mahaifinmu ne fa."

Filastar ta yi amfani tun ranar. Manaja ya fara ɗaga wa tsohon kunci da yatsa don fuskar ta koma yadda wayar ta santa, wayar ta ga yatsan ta ƙi. Sai ya yanko filasta ya manna daga gefen baki zuwa kunne, ya ƙara wata daga gira zuwa goshi, Malama tana riƙe da madubi tana cewa a ɗan ƙara sama. Da fuskar ta kusa daidaita, Mai Agogo ya lumshe ido ya matse. Ya san wayar ba ta buɗe wa mai barci. Aka roƙe shi, aka tafa masa hannu, aka ɓare masa ido da yatsu biyu, wayar ta gaji da su ta kulle kanta gaba ɗaya.

"Ku ƙyale wayar nan," in ji Injiniya, wanda tun ɗazu yake jiran a gama shirme ya nuna ilimi. "Kuɗin ba a cikinta suke ba. Akwai kalmomi goma sha biyu da ake ba mutum ranar da ya buɗe walat, wato jakar kuɗin. Duk mai kalmomin nan, a jere yadda suke, shi ne mai kuɗin, ko a wayar wa ya sa su. In babu su, ko kamfani ba zai buɗe muku ba, don babu ma kamfanin da za a je. Baba dai ya rubuta su a wani wuri."

Washegari aka shiga nema. Aka ɗauke tsohon aka ajiye a tabarma a baranda don a farke katifa, aka manta shi a can har rana ta zagayo ta same shi. Aka zazzage akwatinsa, aka ɓalle bayan hoton marigayiya matarsa, aka zuge aljihun kowace riga. Injiniya ya sauke babban agogon bangon da ke fuskantar gado, ya kwance shi ɗaiɗai a kan tebur, ya tara kayan cikinsa a wata roba. Ba a sami ko baƙi ɗaya ba. Tsohon yana jin su daga baranda, ya san ba za su samu ba, don da hannunsa ya ƙona takardar tun ranar farko.

Wanka kuwa, sati ya zagayo ba a yi ba. Kowa da hujjarsa, kuma hujjojin masu kyau ne. Manaja ya ce shi bayansa ba ya son ɗaukar nauyi, likita ma ya taɓa gargaɗinsa. Malama ta ce ita mace ce, ina ita ina tsiraicin mahaifinta, ga kuma jarrabawar yara ta zo. Injiniya ya ce shi suruki ne, akwai kunya. Da maƙwabciya ta leƙo ta toshe hanci ta ce ko za a ɗauko mai jinya, Manaja ya buɗe hannuwa.

"Da wane kuɗi, Inna? Kuɗin jinyar ai su ne muke nema. Duk wahalar nan da kika ga muna sha, don lafiyarsa ce."

Mai Agogo yana jin bayansa yana zafi, daga baya ya fara jiƙewa, daga baya zanen gado ya fara manne masa. Yana jin warin kansa da kansa, shi da a da ko ƙura ba ya bari ta kwana a teburin aikinsa. Wannan ya fi ciwon ci masa rai. In aka kawo abinci, a tsaye ake ɗura masa, ana tambayarsa ko takardar tana wurin wani aboki.

Rana ta tara Malama ta zo da allon yara da alli daga makaranta. Ta lura hannun hagu yana motsi.

"Baba, daure ka rubuta mana. Ko ɗaya-ɗaya ne."

Su ukun suka zagaye gadon. Tsohon ya damƙi allin, ya ja baƙaƙe manya karkatattu, sai da ya yi gumi. Da ya gama, Manaja ya karɓi allon ya karanta da ƙarfi: "Wanka ɗaya, kalma ɗaya."

Malama ta dubi yayanta, yayan ya dubi silin.

"Ikon Allah! Ashe yana ji," in ji Injiniya.

Kafin a yi haka, an ɗora ruwa a wuta. Ciwon bayan Manaja ya warke nan take, ya ciccibi mahaifinsa kamar jariri. Kunyar Malama ta tafi hutu, ta naɗe hannun riga ta kama soso. Da aka ɓanɓare zanen daga bayansa, ta ga ramin da ya buɗe a ƙugu, ta kau da kai ta ce, "Subhanallahi, yaushe wannan ya fito?" Aka wanke, aka sa magani, aka liƙa ragowar filastar a inda aka kawo ta dominsa. Aka sa masa riga mai ƙamshin guga, aka miƙo allo.

Ya rubuta: "Agogo."

Gaskiyar magana, ba tsiya ce kaɗai ta sa ya nemi agogon ba. Shi mai agogo ne, a fuskar agogo ya haddace kalmomin, kowace lamba da kalmarta, daga ɗaya zuwa sha biyu. Shekara biyar kullum da safe sai ya zagaya su da ido kafin ya sauko daga gado. Ciwon ya ɗan girgiza masa kai, yana bukatar ya ga lambobin a gabansa. Amma tsiyar ma tana ciki, don sai da ya sa Injiniya ya zauna a gefen gado da robar nan ya mayar da kowane ƙarfe mazauninsa. In surukin ya ɗauko wanda ba shi ba, tsohon ya yi gurnani. In ya sa a karkace, ya buga allo a ƙarfen gado. Mai gyaran waya ya wuni yana zufa yana cewa, "Yi haƙuri, Baba," har agogon ya amsa ya fara tafiya. Sannan Mai Agogo ya dubi lamba ɗaya, ya rubuta kalmar farko.

Kwanakin da suka biyo baya, tun rasuwar matarsa bai ga irinsu ba. Kalma ɗaya yake bayarwa a rana, kuma farashi kullum hawa yake. Ta uku ta zo da sharaɗin juyi duk awa biyu, ga agogo a bango yana shaida. Ta biyar ta kawo mai aski har ɗaki. Ta bakwai ta sa Manaja ya aro keken guragu ya tura shi ƙofar gida, ya zauna ya kalli titi, masu wucewa suna ɗaga masa hannu. Da yake kowannensu yana tsoron a ba ɗan'uwansa kalma a bayan idonsa, ba mai yarda ya makara. Manaja da Malama har cacar baki suka yi a kan wanda zai yanke masa farce.

"Ke ba ki iya ba, za ki yanke shi."

"Yaya, kai da ko naka ba ka yankewa?"

Ranar kalma ta takwas ya yi kamar ya manta. Ya ƙura wa agogo ido, ya girgiza kai, ya saki alli ya faɗi. Malama ta dafe ƙirji, Manaja ya fita ya dawo da lemo da ayaba, aka yi ta fifita ana tausa masa ƙafa. Sai da ya cinye ayaba biyu kalmar ta dawo.

Ba wawa ba ne, ya san saye yake yi. Ya san hannun da ke shafa masa mai a kafaɗa lissafi yake. Amma hannu dai hannu ne, kuma na 'yarsa ne, wadda ya goya a wuya ya kai makaranta. Wani lokaci in tana tsane masa baya tana ba shi labarin ɗalibanta, takan manta da allon na ɗan lokaci, shi ma ya manta. Gyambon ya fara tsukewa, bakin ciwon ya bushe. Tsohon ya gama shirinsa tsaf: zai ba su sha ɗaya, ta sha biyun kuwa zai riƙe ta har ranar da za a fitar da shi daga ɗakin. A saninsa na mai gyara, agogon da ya rasa haƙori ɗaya ba ya tafiya.

A nan ya yi kuskure, don wannan abin ba agogo ba ne. Ranar da ya rubuta ta sha ɗaya, Injiniya ya kwafe ta a takarda, ya yi wani murmushi da tsohon bai so ba.

"Yaya, an gama," ya ce wa Manaja. "Ta ƙarshen ba sai an roƙa ba. Kalmomin daga jeri ɗaya ake ɗebo su, kuma jerin yana hannuna. In akwai sha ɗaya, kwamfuta za ta gwada sauran ɗaya bayan ɗaya har ta dace."

"Kwana nawa za ta ɗauka?"

"Kwana? Kafin shayin nan ya huce."

Suka fita da takardar, Malama ta bar tawul a kan ƙirjinsa. Yana kwance yana jin su a falo, can sai ihu ya tashi, har da tsalle, har da buga tebur. Ya dubi lamba sha biyu a bango. Kalmar tana nan daram a kansa, ba ta da sauran amfani.

Ranar ba a juya shi ba. Washegari aka ajiye masa abinci a gefen dama, wajen hannun da ya mutu, ya wuni yana kallon kwanon. Rigima ce ta kaure a falo a kan rabo, Manaja yana cewa shi ne babba, Malama tana cewa mijinta ne ya buɗe, kowa yana rantsuwa da ran Baba. Kwana na uku Manaja ya tafi duba wata mota, ya bar saƙo cewa yau juyin Malama ne. Malama ta leƙo daga bakin ƙofa da jakar makaranta, ta ce, "Baba, sannu. Yaya zai zo yanzu," ta ja ƙofar. Ya rubuta "ruwa" a allo ya ɗaga, ba wanda zai karanta, har hannun ya gaji ya sauke.

Gyambon ya sake buɗewa, ya fi na da. Ƙudaje suka gano ɗakin. Zazzaɓi ya fara shigarsa da rana tsaka, yana rawar sanyi cikin jiƙaƙƙen zane. Tsoro ya kama shi sosai, ba na mutuwa ba, na mutuwa a haka, cikin ƙazanta, 'ya'yansa suna ɗaki na gaba suna duba farashin mota. Ya yi kuka, hawayen ido ɗaya yana zuba, ɗayan yana taruwa.

Kwana na biyar da hantsi ƙofar ta buɗe a hankali. Malama ce a gaba da baho yana tururi, Manaja a bayanta da sabon tawul da ledar magani, Injiniya a ƙarshe da allo a hammata.

"Baba, ka yafe mana," in ji Malama. "Abubuwa ne suka sha kanmu. Wallahi kullum kana raina."

Aka buɗe taga, aka kori ƙudaje, aka canza zane. Sai da aka jingina shi da matashi sannan Injiniya ya durƙusa a gaban gadon, ya sassauta murya.

"Baba, na duba tarihin jakar nan. Shekara biyu da suka wuce an fitar da kuɗi daga cikinta zuwa wata jakar. Abin da aka fitar ya ninka wanda muka samu sau uku. Ashe wata ka buɗe ka ɓoye? Kai, Baba akwai dabara!"

Mai Agogo ya lumshe ido. Ya tuna ranar sarai. Wani mai zaƙin murya ne ya kira shi a waya, ya ce daga ofishin tsaron kuɗin yake, wai ɓarayi sun kusa shiga jakarsa, ya yi maza ya tura dukiyar inda za a adana masa. Ya tura kashi uku, yana shirin tura na huɗu layin ya mutu, bai sake shiga ba har yau. Kunya ta hana shi gaya wa kowa, shi da ya yi alfahari a kan abinci. Babu wata jaka ta biyu. Kuɗin nan sun daɗe da zama gidan wani.

Ya buɗe ido ya dube su. Fuskoki uku, duk sun karkato, duk ladabi. Ya dubi bahon da ke tururi a ƙasa. Da gaskiya suke so, da sun zo nemanta jiya, hannu wofi, da ya ba su kyauta. Ya miƙa hannun hagu, aka yi rige-rigen sa masa alli.

Ya rubuta: "24."

"Kalma ashirin da huɗu!" Injiniya ya dafe kai. "Irin babbar ce, Yaya. Wannan sai an bi shi a hankali, kwamfuta ba za ta taimaka ba sai can ƙarshe."

Tsohon ya goge da gefen hannu, ya sake rubutawa: "Sati ɗaya, kalma ɗaya."

Manaja ya buɗe baki zai yi magana, Malama ta taka masa ƙafa. "Yadda ka ce, Baba. Ai ba sauri muke ba."

Kalmomin ƙarya ba za su yi masa wuya ba, ya taɓa ganin jerin, zai tsinto abin da ya tuna. Abin da ya tsaya lissafawa shi ne kwanakin. Sati ashirin da huɗu, kusan wata shida ke nan. Ya saurari zazzaɓin da ke bin ƙashinsa, ya saurari numfashinsa da yadda yake fita da ƙyar, irin sauraron da yakan yi wa agogo in an kawo gyara, ya ga wata shida za su ishe shi, har ma a yi ragowa.

Manaja ya juya shi a hankali, Malama ta tsoma soso ta matse, ta ɗora masa a baya. Ruwan da ɗumi daidai, ba zafi ba sanyi, ta gwada shi da gwiwar hannu kafin ta taɓa shi. Kafaɗarsa ta fara rawa.

"Baba, da zafi ne?"

Ya girgiza kai.

"To kuka kake yi ko dariya?"

Bai nemi allo ba. Ta ci gaba da wanke shi.